Tarihin Karatun Injiniya da Kwamfuta a Jihar Maraɗi

Shekaru da dama bayan Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, ɗalibin Madarumfa ta jihar Maraɗi mai son zurfafa karatun injiniya sai ya bar gida. Wasu kan fara daga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, sannan su wuce Yamai, inda aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973. Wasu kuma ƙasashen waje suke nufa.

A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na jami'a a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Maraɗi ta ba da ƙarfi ga aikin gine-gine da lantarki. A 2010 Maraɗi ta samu jami'arta, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ana bin tsarin digiri hawa uku: shekara 3, sai 2, sai 3. Ɗalibai kan haɗa lissafi da rubuta manhajar kwamfuta da aikin ɗakin gwaji, su kammala da horo a ma'aikata da kare kundin bincike gaban malamai.