Daga Kano Zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin sama na Kano da na Jidda akwai nisan kamar mil 2,100, watau kilomita 3,400, in an miƙe sosai ba ratse. Wannan nisa bai ragu da ko taki ɗaya ba tun zamanin kakanninmu. Kwanakin tafiya su ne suka ragu.

A da, wanda ya yi niyyar Hajji sai ya raba gādonsa, ya yi sallama da dangi kamar mai barin duniya. Ya ɗauki sanda da gora ya nufi gabas, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya ƙetare Kogin Nilu, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai shiga jirgin ruwa. In guzuri ya ƙare a hanya sai ya tsaya ya yi ƙodago ko noma. Saboda haka tafiyar takan ci shekaru, waɗansu ma ba su komo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya bi wannan hanya da jama'arsa, suka zauna a bakin Nilu. Har yau garin yana nan cikin Sudan da sunansa, ana kuwa jin Hausa da Fulatanci a cikinsa.

Masu hali kan bi ta teku. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a Ikko, ya biya ta Ingila, ya sauke farali, aka ga tafiyar shekaru ta koma ta watanni.

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan Ingila suka sauka a Kano. Daga Masar suka taso, suka yi kwana shida suna tafe suna yada zango. Abin lura shi ne, tsohuwar hanyar alhazai suka biyo ta sama, ta Hartum da Fashir da Maiduguri, gama nan ne garuruwa da ruwa suke. A 1936 aka soma zirga-zirgar jirgin wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano. Cikin shekarun 1950 kuwa alhazai suka fara tashi daga Kano da yawa, amma jiragen lokacin masu farfela ne, sai sun sauka a hanya sun sha mai.

Da manyan jirage suka zo, sai tafiya ta koma kamar awa biyar ba sauka. Mutum ya yi sallar Asuba a Kano, ya yi La'asar a Jidda.

To, kada mai karatu ya zaci jirgi ya raba mu da ƙasashen da ke tsakani. A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Tilas jiragen alhazanmu suka yi kewaye, awoyi suka ƙaru, kuɗin kujera ma ya ƙaru. Kun ga ashe, ko ta ƙasa ko ta sama, lafiyar hanyar Makka tana rataye da zaman lafiyar mutanen da ke kanta. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da su lafiya, ya kuma kai mai niyya, amin.