Ƙasar Gaya: Tsakanin Kogi da Ma'aunin Gyaɗa

Wanda ya taso daga Kano ya nufi gabas, da zarar ya haye gadar Wudil ya kama hanyar Dutse, to ya doshi ƙasar Gaya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, wadda gero da dawa da gyaɗa da wake ke so. Ta arewa, wajen Ajingi, babban kogi ya ratsa, wato ruwan Kano da na Challawa da suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, mai gangarawa har Komadugu Yobe da Tafkin Chadi. Akwai kuma ƙaramin kogin Dudurun Gaya. Garuruwa irin su Kademi a cikin wannan ƙasa suka kafu, da gonakinsu da kasuwanninsu.

Gaya ba baƙuwa ba ce a tarihi. Labarin baka ya nuna Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga nan suka tafi neman tama. Ta wannan ɓangare kuma fatake ke bi tsakanin Kano da Borno da jakai da raƙuma, suna kai tufafi, suna kawo kanwa. Shi ya sa Sarkin Gaya yake cikin manyan sarakunan ƙasar Kano tun kafin jihadi, tare da na Rano da Dutse da Ƙaraye.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. A zamanin Sarkin Kano Abbas aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya zauna a cikin tasa, dagatai da masu unguwanni na ƙarƙashinsa. Abin da aka fi damuwa da shi haraji ne. Malaman taki suka riƙa auna gonaki da ƙafa, Fulani na biyan jangali, kuɗin wuri ya ba da wuri ga sulalla. Talakan da a da yake fitar da dami, yanzu sai ya nemo tsabar kuɗi.

Ina zai samo su? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, manomi ya rage gonar hatsi ya shuka ta. Ba a jima ba fari ya kawo yunwar 1914, rumbuna babu komai, haraji kuwa na nan yana jira. A ganina nan ne aka juya wa ƙasar Gaya fuska: daga gabas, inda take ƙofar ciniki, zuwa yamma, inda ta zama mai kai buhu ma'auni. Ko da aka ja layin dogo zuwa Nguru a 1930, ta arewacin kogi ya bi, ta Ringim, ya bar Gaya a gefe.

Shi kuwa kogi, Turawa ba su ga kuɗi a cikinsa ba, domin da rani yashi ne, ba ya ɗaukar jirgin kaya. Amma mutanen bakinsa sun san amfaninsa. Damina ta cika fadama ta bar taɓo mai albarka, masunta su kama kifi, masu lambu su ja ruwa da jigo su noma albasa da alkama, shanu su sami makiyaya a tsakiyar bazara.

Madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 suka canja wannan tsari. Yanzu akwai ruwa a kogin, rani da damina, injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, shinkafa da tumatir sun yawaita, wannan alheri ne babba. Sai dai shekarar da ruwa ya yi yawa, gonakin Ajingi da ke bakin gaɓa na cikin masu nutsewa, alhali ba a garinsu ake yanke shawarar ruwan ba. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa zama da manoman Ajingi da Gaya kafin damina, a yashe hanyoyin ruwa, a kuma sanar da su da wuri duk lokacin da za a saki ruwa.