Yusufu ɗan mai kayan marmari: yadda Dilip Kumar ya faɗa harkar fim

Dattawan da suka yi zamani da gidajen silima a Kano, Kaduna ko Jos, lokacin da 'yan kasuwar Labanon ke shigo da finafinan Indiya, sun san Dilip Kumar: jarumin nan mai sanyin murya, wanda ke shiru a gaban kyamara har sai mai kallo ya matsu ya ji abin da zai faɗa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sunan yankansa Muhammad Yusuf Khan, kuma a gidan da ya tashi, wasan kwaikwayo abin kunya ne.

An haife shi ranar 11 ga Disamba, 1922, a Peshawar, garin da yanzu yake Pakistan, amma a lokacin yana cikin Indiyar da Turawan Ingila ke mulka. Gidansu na unguwar Khudadad, daf da kasuwar Qissa Khwani, inda fatake daga Kabul da tsakiyar Asiya ke yada zango, su sha shayi, su saurari masu ba da labari. Mahaifinsa, Lala Ghulam Sarwar Khan, babban dillalin kayan marmari ne mai gonakin itatuwa. Shi da matarsa Ayesha Begum sun haifi 'ya'ya goma sha biyu. Harshen Hindko ake yi a gidan.

Akwai wani abu da ya same shi yana ƙarami wanda Bahaushe zai gane nan take. Wani fakiri mai yawon bara ya ga yaron, ya ce wa kakarsa wannan zai yi suna a duniya, amma a tsare shi daga kambun baka. Tsohuwa ta ɗauki maganar da gaske. Ta sa aka aske masa kai ƙwal, kullum kuma kafin ya tafi makaranta sai ta shafa masa baƙin tukunya a goshi don ya yi muni, ido ya kauce masa. Yara suka samu abin tsokana. Yusufu ya koma gefe, ya rage magana, ya zama mai zura wa mutane ido yana nazarinsu. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014. A ganina, duk mai neman asalin shirun nan da ya zama tambarinsa a fim, to daga nan ya kamata ya fara.

Cikin shekarun 1930 uban ya kwashe iyali zuwa Bombay, suka zauna kusa da kasuwar Crawford inda yake cinikinsa. Yusufu ya yi karatu a makarantar Barnes ta garin Deolali, ya kuma yi a Anjuman-i-Islam da kwalejin Khalsa a Bombay. Ƙwallon ƙafa ce ta ɗauke masa hankali. A Khalsa ya sake haɗuwa da Raj Kapoor, wanda danginsa ma mutanen Peshawar ne. Raj ya taso a gidan 'yan wasa, domin mahaifinsa Prithviraj ya riga ya yi suna, shi kuwa Yusufu ko gaban mace ba ya iya tsayawa ya yi magana don kunya.

Lala Ghulam Sarwar aminin kakan Raj ne, Basheshwarnath Kapoor, kuma ya sha yi masa gori cewa ya bar ɗansa Prithviraj, ɗan gidan mutunci, ya zama ɗan wasa. Shi burinsa Yusufu ya zama babban ma'aikaci, ya samu lambar girma daga Turawa.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, jigilar kaya daga arewa ta yi wuya, ciniki ya ja baya. Wajajen 1940 aka samu saɓani tsakanin uba da ɗa, Yusufu ya yi fushi ya bar gida, ya hau jirgin ƙasa zuwa Pune. Can ya samu aiki a kantin kulob ɗin sojojin Ingila, saboda yana jin Turanci sosai. Daga baya ya kafa ɗan teburinsa yana sayar musu da burodi mai haɗi da kayan marmari. A kulob ɗin ne wata rana ya yi jawabi yana goyon bayan 'yancin Indiya, aka kama shi ya kwana a kurkukun Yerawada tare da mabiya Gandhi, kafin wani hafsan soja ya sa a sake shi. Ya koma Bombay da rupi 5,000 a aljihu, kuɗi mai kauri a wancan zamani.

Yana ta fafutukar neman kwangilar sayar wa sojoji kaya ne, wajajen 1942, ya ci karo da wani Dakta Masani da ya sani a tashar jirgin ƙasa ta Churchgate. Masani ya ce ya raka shi unguwar Malad, kamfanin Bombay Talkies. Mai riƙe da kamfanin a lokacin ita ce Devika Rani, wadda ta kafa shi tare da mijinta Himanshu Rai a 1934, ta ci gaba da jan ragama bayan rasuwarsa a 1940. Ta dube shi, ta tambaye shi ko ya iya Urdu, ko ya taɓa wasa. Urdu kam ya iya. Wasa kuwa, ko kallon fim bai saba ba. Ta yi masa tayin rupi 1,250. Ya ɗauka albashin shekara ne, sai da aka koma aka tambaye ta, ta ce na wata ne. Kuɗin ne ya shigar da shi, babu wata sha'awar fim a ciki.

Devika Rani ce ta ce a sauya masa suna zuwa Dilip Kumar. Ba shi kaɗai ba ne Musulmin da aka yi wa haka. Meena Kumari sunanta Mahjabeen, Madhubala kuwa Mumtaz. Ana yawan danganta wannan da siyasar addini ta lokacin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma da aka tambayi Dilip Kumar a wata hira, amsarsa ba ta da tsawo: tsoron dukan mahaifinsa ne ya sa ya yarda. Iyayen 'yan fim na ƙasar Hausa ba za su yi mamakin wannan uba ba.

A Bombay Talkies ya zauna yana kallon Ashok Kumar, wanda ya nuna masa cewa gaban kyamara ba dandalin wasan daɓe ba ne, ba a ɗaga murya ko watsa hannu, ana yin abu ne yadda za a yi shi a gida. Darasin ya dace da halinsa. Sai dai fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata na 1944, bai karɓu ba. Baburao Patel na mujallar Filmindia ya yi masa kaca-kaca, ya ce ramamme ne, bai kuma iya wasa ba. Pratima na 1945 shi ma bai yi armashi ba.

Jugnu ne, a 1947, tare da mawaƙiya Noor Jehan, ya fara fito da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne: wannan fim ɗin ne ya tona masa asiri a gida. Basheshwarnath, wanda ya daɗe yana haɗiye gori, ya kai amininsa gaban wani ƙaton allon talla ya nuna masa fuskar. Lala Ghulam Sarwar ya ce ai sunan da ke jiki ba na ɗansa ba ne, amma fuska ba ta ɓuya. Ya daɗe ba ya yi wa Yusufu magana, sai da Prithviraj Kapoor ya sa baki kafin ya sauko.

Daga nan abin bai tsaya ba: Shaheed da Mela a 1948, sai Andaz na Mehboob Khan a 1949, inda ya fito tare da Nargis da abokinsa Raj. Da aka fara ba da kyautar Filmfare a 1954, shi ya fara karɓar ta gwarzon jarumi saboda fim ɗin Daag. Sau takwas ya ci wannan kyauta kafin rasuwarsa a Mumbai ranar 7 ga Yuli, 2021, yana da shekara 98.