Wace Doka Ce Gwamna Ya Karanta?

Duk mai bin jaridun Turanci na Najeriya ya saba da kanun labari irin su "Governor reads riot act to contractors". Ɗalibi sai ya ɗauko ƙamus ya bi kalma ɗaya-ɗaya, ya tashi da cewa gwamna ya karanta dokar tarzoma. To wace tarzoma 'yan kwangila suka yi? Babu. Kunnensu kawai aka ja, aka ce ahir ɗinsu.

Amma dokar ta taɓa wanzuwa da gaske. Majalisar Birtaniya ce ta zartar da ita, ta fara aiki a 1715, zamanin Sarki George na Ɗaya. Idan mutum goma sha biyu ko fiye suka taru suna tada hankali, sai alƙali ko magajin gari ya fito ya karanta musu shela da sunan sarki, ya ce kowa ya watse. Wanda aka samu a wurin bayan awa ɗaya, hukuncinsa na iya kaiwa ga kisa. An soke dokar a Ingila a 1967, maganar kuwa ta zauna a bakin mutane, ma'anarta gargaɗi na ƙarshe.

Haka "white elephant". Daga Siyam ta fito, wato Tailan ta yau, inda farar giwa take da tsarki: ba a sa ta aiki, ga ci kamar gara. Shi ya sa ake kiran aikin da ya cinye kuɗi bai haifar da komai ba da wannan suna.

Mu ma ai haka muke. Da an ce wane yana da dogon hannu, ba wanda zai tsaya auna hannunsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sa yara haddar jerin irin waɗannan maganganu ba tare da an faɗa musu muhallinsu ba. Za a rubuta musu cewa "kick the bucket" na nufin mutuwa. Gaskiya ne, sai dai maganar raha ce, ba ta yi kusa da "ya riga mu gidan gaskiya" ba. Wanda ya furta ta wurin ta'aziyya ya yi ɓaranɓarama.

Malamai, don Allah, duk irin wannan maganar da kuka koyar, ku haɗa da wa ake faɗa wa, kuma a wane zama.