Louis Armstrong: Shekaru 48 na busa da waƙa a kan faifai

Louis Armstrong, baƙar fatar Amurka da ya yi fice wajen busa kakaki da rera waƙa, ya shafe shekaru 48 ana naɗar sautinsa, tun daga 1923 har zuwa 1971, shekarar da ya mutu.

Masana tarihin kiɗa sun yi ittifaƙin cewa faya-fayan da ya yi tsakanin 1925 da 1928 su ne suka sauya alƙiblar kiɗan jazz. Kafin su, makaɗa kan haɗa sauti ne gaba ɗaya. Bayan su, sai hankali ya koma kan mutum guda da zai fito ya nuna gwanintarsa, sauran na mara masa baya.

Kakakin da ya riƙa busawa gajere ne na tagulla mai madannai uku, irin wanda 'yan badujala ke amfani da shi.

Tasowarsa

An haifi Armstrong ne ranar 4 ga watan Agustan 1901 a birnin New Orleans na jihar Louisiana, cibiyar da kiɗan jazz ya samo asali a tsakanin baƙaƙen fata jikokin bayi.

Shi kansa ya riƙa cewa ranar 4 ga watan Yulin 1900 aka haife shi. Sai bayan mutuwarsa aka gano takardar coci da ta nuna ainihin ranar.

Ya tashi cikin tsananin talauci. A daren shiga shekarar 1913 'yan sanda suka kama shi saboda ya harba bindiga sama, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙen fata. A can ne wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa.

Da ya fito sai ya zama yaron Joe Oliver, wanda ake wa laƙabi da King Oliver, ɗaya daga cikin manyan masu busa na birnin. Ya kuma yi aiki a jiragen ruwan da ke zirga-zirga a kogin Mississippi.

Faifan farko

A 1922 Oliver ya aika masa da ya zo Chicago ya shiga ƙungiyarsa. A watan Afrilun 1923 suka je garin Richmond na jihar Indiana, inda kamfanin Gennett ya naɗi sautinsu. A waƙar Chimes Blues ne aka fara jin Armstrong yana busa shi kaɗai a kan faifai.

A lokacin ba a fara amfani da makirufo ba. Makaɗa kan taru ne gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu ya girgiza allura, ita kuma ta zana shi a kan kakin zuma. Kowane gefe na faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku.

A 1924 ya auri Lil Hardin, mai kaɗa fiyano a ƙungiyar, wadda ta ƙarfafa masa gwiwa ya fita daga inuwar maigidansa. A shekarar ce ya tafi New York wajen ƙungiyar Fletcher Henderson, inda ya kuma yi wa mawaƙa mata irin su Bessie Smith busa a faya-fayansu.

Hot Five da Hot Seven

A watan Nuwamban 1925, bayan ya koma Chicago, kamfanin OKeh ya fara naɗar faya-fayai da sunansa. Ƙungiyar da aka kira Hot Five ta ƙunshi shi da matarsa Lil, da Kid Ory, da Johnny Dodds, da Johnny St. Cyr.

Ƙungiya ce da aka haɗa musamman domin ɗakin naɗar sauti. A 1927 aka ƙara mutum biyu, ta zama Hot Seven.

Waƙar Heebie Jeebies ta 1926 ce ta yaɗa salon nan na rera sautuka marasa ma'ana, inda mawaƙi ke mayar da muryarsa tamkar kayan busa. Armstrong ya ce takardar waƙar ce ta suɓuce masa ana tsakiyar naɗi, shi ya sa ya cike gurbin da haka, ko da yake wasu masana na shakkar labarin. An yi salon kafin shi, amma a bakinsa duniya ta san shi.

A watan Yunin 1928 ya naɗi West End Blues tare da Earl Hines mai kaɗa fiyano. Busar da ya buɗe waƙar da ita, shi kaɗai ba tare da rakiya ba, ta 'yan daƙiƙoƙi ce kawai, amma har yanzu ana koyar da ita a makarantun kiɗa.

Abin da ya sa waɗannan faya-fayai suka yi tasiri shi ne yadda suka isa inda shi bai je ba. Matasan makaɗa a Amurka da Turai sun riƙa maimaita su a garmaho har su haddace, sa'an nan su gina nasu salon a kai.

Daga mai busa zuwa tauraro

Daga 1929 ya koma rera shahararrun waƙoƙin zamani gaban manyan ƙungiyoyin makaɗa. Muryarsa mai kaushi, da yadda yake jinkirta kalma ko ya gaggauta ta a kan kiɗa, sun yi tasiri a kan mawaƙa irin su Bing Crosby da Billie Holiday.

Ya fara zuwa Ingila a 1932, kuma tun daga wancan lokaci laƙabin Satchmo ya bi shi. Yawan busa da ƙarfi ya riƙa tsaga masa leɓe, matsalar da ya yi fama da ita tsawon rayuwarsa.

A 1935 Joe Glaser ya zama manajansa, ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin Decca. Da kasuwar manyan ƙungiyoyi ta faɗi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1947 ya kafa ƙaramar ƙungiya mai suna All Stars, wadda ya yi aiki da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Zuwan dogon faifai ya ba shi damar yin manyan ayyuka. A 1954 ya fitar da kundi na waƙoƙin W.C. Handy a kamfanin Columbia, a 1956 da 1957 ya yi aiki tare da Ella Fitzgerald a kamfanin Verve, a 1961 kuma ya haɗu da Duke Ellington.

Suka da martani

Wasu matasan makaɗa baƙaƙen fata na lokacin sun zarge shi da yawan washe baki da barkwanci domin faranta wa fararen fata rai. Wasu masu sharhi kuma suna ganin ya bar gwanintar shekarun 1920 ya bi kasuwa.

Sai dai a watan Satumban 1957, lokacin da aka hana wasu ɗalibai tara baƙaƙen fata shiga makarantar sakandare a Little Rock ta jihar Arkansas, Armstrong ya fito fili ya soki Shugaba Eisenhower da gwamnan jihar, Orval Faubus. Ya kuma janye daga shirin tafiya Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnatin Amurka.

Ziyarar Afirka

A watan Mayun 1956 ya je Accra, kafin Ghana ta sami 'yancin kai, inda ya gana da Kwame Nkrumah, ya kuma yi wasa gaban dubban jama'a.

Ya sake zagaya nahiyar daga ƙarshen 1960 zuwa farkon 1961. Ya isa Najeriya jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, ya kuma je Arewa inda ya gana da Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. A birnin Leopoldville na Kwango, wato Kinshasa ta yanzu, ɗaukarsa aka yi a kan karaga zuwa filin wasa.

A wannan tafiya ce mawaƙiyar ƙungiyarsa, Velma Middleton, ta mutu a Saliyo.

Shekarun ƙarshe

A watan Mayun 1964 waƙarsa Hello, Dolly! ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, inda ta kawo ƙarshen makonni 14 da ƙungiyar Beatles ta yi tana riƙe da matsayin. Yana da shekara 62 a lokacin, kuma waƙar ta samo masa lambar yabo ta Grammy.

A 1967 ya naɗi What a Wonderful World, wadda babu busarsa a ciki. Ta zo ta ɗaya a Birtaniya a 1968, amma ba ta yi kasuwa a Amurka ba, domin kamfanin ABC bai tallata ta ba. Sai da aka sa ta a fim ɗin Good Morning, Vietnam na 1987 ta karɓu a ƙasarsa.

Ciwon zuciya da na ƙoda sun rage masa ƙarfin busa, ya fi dogara ga murya. Ya mutu cikin barci ranar 6 ga watan Yulin 1971 a gidansa da ke unguwar Corona a New York.

A 1977 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa waƙar Melancholy Blues ta ƙungiyar Hot Seven cikin faifan da aka liƙa wa kumbunan Voyager guda biyu.

Gidan nasa ya zama gidan tarihi a 2003. Cikin kayan da ya bari har da ɗaruruwan kaset-kaset da ya naɗa da kansa, na hira da 'yan uwa da abokai, da kuma na faya-fayan da yake saurare.