Ringin da ba ya zama wuri ɗaya

Garejin kawuna a Sara inuwar darbejiya ce kawai, da akwatin sifanu da tsohon faranti na wanke ƙarafa da fetur. Zamanin Fijo ne. Tun da aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, 504 ta mamaye hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, ran kasuwa ta sha lodi har gindinta ya kusa dungurar ƙasa. Ƙurar hunturu kuwa ta bi iska ta shiga inji tana cin ringi. Da an ga shuɗin hayaƙi a salansa, direba yana kukan mota tana shan baƙin mai, to sai sauke inji.

A lokacin ba a zubar da inji. Kano ake zuwa, a biya Ƙofar Ruwa a sayo fistan da ringi. Ringi uku ne a kowane fistan, biyun sama su tare ƙarfin wuta, na ƙasa ya share mai. Kowanne da 'yar tsagarsa, dabarar da wani Baturen Ingila, John Ramsbottom, ya fito da ita a 1852 saboda injin jirgin ƙasa.

"Kai yaro, raba bakunansu," in ji Kawu kullum. "In suka yi layi, ƙarfi zai zurare."

Wata shekara muka sake buɗe injin da ni na haɗa, sai ga tsaga biyu dab da juna. Na sha ranƙwashi, wai sakacina ne. Sai da na girma na gane ringi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Fistan na hawa da sauka, shi kuma yana zagayawa sannu a hankali cikin raminsa. Shi ya sa a injin da ake haɗa wa mai da fetur, irin ƙaramin janareta Tiger, ake dasa ɗan tsinken ƙarfe ya tokare ringi, kada bakinsa ya saƙale a kafar fitar hayaƙi.

Da injinan Kwatano suka yawaita, direbobi suka koma canza inji ɗungurungum. Aikin ringi ya koma kan Bajaj da injin ban-ruwa na 'yan fadama.

Na taɓa kai wa Kawu bayanin zagayawar ringi bayan ya tsufa. Ya ce, "Kai dai ba ka raba su ba."