Harafi ɗaya da muƙami ɗaya: me shaidar Tasitus take tabbatarwa?

A cikin wannan ƴar takarda za mu duba wani sashe na littafi na 15 na Annales, wanda masanin tarihin Rumawa Tasitus ya rubuta wajen shekara ta 116 miladiyya. A nan ne ya kawo labarin gobarar birnin Rum ta shekarar 64. Ya ce sarki Neron ya ɗora laifin bisa Kiristoci, kuma sunansu ya samo asali daga Almasihu, wanda a cewarsa Bilatus ya yanke wa hukuncin kisa a zamanin sarki Tibariyas. Masana da dama sun riƙi wannan sashe a matsayin shaida daga bakin wanda ba Kirista ba. Tambayarmu ita ce: shaidar me?

Da fari dai, maganar kwafi. Sashen ya iso mana ta hanyar kwafi guda, wanda aka rubuta a gidan ibada na Monte Kasino a ƙarni na 11, yana ajiye yanzu a Fulorans. A cikinsa an fara rubuta sunan da harafin e, Chrestianos, daga baya aka kankare aka mayar da shi i. Ga mai nazarin harshe wannan ba abin mamaki ba ne. A Girkancin wancan zamani furucin kalmomi biyu ya kusanci juna: christos, shafaffe da mai, da chrestos, mai amfani ko nagari, sunan da aka saba raɗa wa bayi. Shi ya sa ake taƙaddama kan Suwetoniyus, da ya ce sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Rum saboda tarzomar da wani Chrestus ya tayar. Almasihu yake nufi, ko wani mutum daban? Nassin bai raba gardama ba.

Na biyu, maganar muƙami. Tasitus ya kira Bilatus procurator. Amma dutsen da aka tono a Kaisariya a 1961 ya nuna muƙaminsa praefectus ne. Ke nan Tasitus ya yi amfani da kalmar da ta yaɗu daga baya. Wannan yana raunana zaton cewa daga takardun gwamnati ya kwaso labarin.

To daga ina? Bai faɗa ba. Abin da muka sani shi ne abokinsa Filini Ƙarami, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tarajan wajen 112 yana neman shawara kan shari'ar Kiristoci, kuma ta hanyar tuhumarsu ya san al'adunsu. A daidai lokacin Tasitus yana mulkin lardin Asiya, maƙwabcin Bitiniya. Mai yiwuwa ne shi ma daga bakin Kiristocin, ko daga masu tuhumarsu, ya ji.

Ba mu ce ƙirƙirar sashen aka yi ba. Ƙyamar da marubucin ya nuna wa Kiristoci ta sa da wuya a ce wani Kirista ne ya cusa shi, kuma yawancin masana sun yarda nasa ne. Sai dai ingancin nassi daban, ingancin labari daban. Tasitus shaida ne mai ƙarfi kan abin da manyan Rumawa suka sani game da Kiristoci a farkon ƙarni na 2. Kan abin da ya auku a Yahudiya shekara tamanin kafin nan kuwa, mai ruwaya ne da bai ambaci isnadinsa ba, kuma a wannan ma'auni ya kamata ɗalibanmu su auna shi.